Mahaifiyata Tana Cikin Gwangwanin Kawu

Da maza suka dawo daga binne Kawu a can New Jersey, falonsa na unguwar Highbridge a New York ya kasa ɗaukar mutane. Takalma sun cika bakin ƙofa har kan matakala, mai hawa sama sai ya tsallaka. Kowa ya shigo da irin Kawun da ya sani. Direbobin tasi suna cewa tsohon nan mai tsare shagon jakunkuna a Canal Street, wanda ba ya rantsuwa a kan ciniki. Mma, maƙwabciyarsu 'yar Kumasi, ta rungume Hajiya, matar Kawu, tana yi mata ta'aziyya da yarensu, tana cewa, "Due, due, Hajiya. Ei, mutumin kirki ya tafi. Wa zai ƙara ce mini in tashi daga bakin taga?" Aka yi 'yar dariya cikin hawaye, don babu wanda Kawu bai taɓa tayarwa daga bakin taga ba.

Amininsa, wani dattijo ɗan Damagaram da muke kira Baba Alhaji, ya bari sai da aka shafa fatiha. Sannan ya dubi ƙofar ɗakin kwana ya ce, yana surkawa da Faransanci, "Vraiment, yau an rufe silima." Samarin da ke wurin ba su gane ba. Yawancinsu ba su san Kawu ya taɓa riƙe wani abu da ya wuce jakar mata ba.

Ni na gane. Kuma ranar ban yi irin kukan da ake jira daga 'yar ƙanwa ba. Ina zaune cikin mata da carbi a hannu, hankalina yana cikin kabad ɗin ɗakin nan, inda gwangwanayen fim ashirin da wani abu suke jere. Mahaifiyata tana cikin ɗaya daga cikinsu. Ta rasu ina goye, kakanmu kuma bai taɓa yarda a ɗauki matan gidansa hoto ba, saboda haka ban san fuskarta ba. Mutum ɗaya ne ya san wacce ce ita a cikin fim ɗin, shi ne kuma aka baro a ƙarƙashin ƙasar da ba tasa ba.

Ina rubuta wannan ne don kada a ce tsohon mai shago ne kawai ya mutu. Ina kuma rubutawa don raina a ɓace yake, ban san wanda zan kama ba.

Kawu ya shiga sashen fim na gwamnati yana saurayi, a matsayin yaron motar majigi. Motar tana bin ƙauyuka, shi ne mai ɗaure farin ƙyalle a bangon makaranta, shi ne mai tayar da inji. Daga nan ya zama mai sharhi, don yawancin finafinan ba su da murya: hoto yana tafiya, shi yana riƙe da lasifika yana faɗa wa jama'a abin da suke gani. Daga baya aka ɗora masa kyamara a kafaɗa. Yakan jero mana gwamnatoci da irin fim ɗin da kowacce take so. "Bature ya ce a nuna wa talaka ya tafasa ruwa, ya shuka auduga. Farar hula suka ce a nuna mai girma yana yanka ƙyalle. Soja suka ce a nuna mai girma yana yanka ƙyalle, amma da bindiga a bayansa. Kowanne ya hau, aikinsa na farko ya kulle finafinan na gabansa a sito." Yana faɗa yana dariya har hularsa ta karkace.

Aikin bai taɓa sakinsa ba, ko da ya tsufa. In ka zauna taga tana bayanka, sai ya ce, "Tashi, ka zama inuwa." In ana suna ko walima ya ga yaro ya ɗaga waya a tsaye yana ɗauka, sai ya daka masa tsawa daga kan kujera: "Kwantar da wayar nan! Idanunka a tsaye Allah Ya jera maka su?" A jirgin ƙasa ma, in ya ga wata fuska ta burge shi, yakan haɗa yatsunsa huɗu ya leƙa ta tsakiya. Na sha jan hannun rigarsa ina cewa, "Kawu, nan New York ne, za a kira mana 'yan sanda." Shi kuwa sai ya ce, "Uwata, dubi hasken da ke kan goshin mutumin nan." Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci.

Akwai wani alheri da ya yi wa mutane da yawa, wanda ban ji kowa ya ambata a zaman makoki ba, wataƙila don kunya. Duk baƙon da ya sauka, yana kwana a ƙasan ɗakin wani, yana wanke kwanuka a gidan abinci, Kawu zai kira shi ranar Lahadi. Ya ara masa kwat ɗinsa mai kyau, ya gyara masa wuya, ya kai shi gaban wani dogon bene mai gilashi, ya jira rana ta juyo, ya ɗauke shi hoton da za a aika gida. Ni ma ya yi mini, watan da na zo, lokacin ina kuka kullum a gidan wata tsohuwa da nake kula da ita. Na ce, "Kawu, ai wannan ƙarya ce." Ya ce, "Ɗaga haɓarki. Gwaggonki da ke gida barci take so ta yi, ba labari take nema ba."

Rigimarmu ma daga nan ta samo asali. Wata rana bayan sallar Juma'a, yana ba Baba Alhaji labarin buɗe wani famfo a garinmu. Ya ce rijiyar ba ta kai ruwa ba, sai aka kawo tanka da sassafe aka cika tankin sama. Mai girma ya zo ya murɗa, ruwa ya zubo, mata suka yi guɗa, shi kuma ya ɗauka. An yi shekaru ana nuna fim ɗin a ƙauyuka. Su biyun suna ta ƙyaƙyatawa, ni kuwa ban ga abin dariya ba, don a rafin garin nan na girma ina ɗibar ruwa mai launin kunu. Bakina ba shi da linzami, kowa ya sani. Na ce, "To Kawu, ashe kai maroƙin gwamnati ne, kyamara ce kalangunka."

Hajiya ta ce, "Ke!" Baba Alhaji ya sunkuyar da kai. Kawu ya daɗe yana kallona, har na fara neman hanyar fita. Sannan ya ce, "Na yi roƙo, Uwata. Da shi na ciyar da ku. Amma ba ki san wutsiya ba."

A ranar ya yi mini bayani. Fim ɗin da ake ba su a aune yake, ba a wasa da shi. Amma kowane naɗi, in an gama ɗaukar mai girma, akan sami ɗan saura a ƙarshe wanda bai isa wani aiki ba. Shi suke kira wutsiya. Sauran ma'aikata sukan juya kyamara ga bango su ƙarar da shi. Kawu ba ya yi. Yakan jira motoci su tafi, ƙura ta lafa, masu kiɗa su rataya ganguna, sannan ya ɗauki abin da ya rage a filin. Tsoho yana naɗe tabarmar da aka aro. Yara suna tsintar ƙyallen da aka yanka. In an wanke fim, sai ya yanke wutsiyar ya ajiye, ya riƙa haɗa ta da 'yan'uwanta, ya ɓoye a gwangwani mai tambarin gwamnati don kada a tambaye shi.

"Ranar famfon nan," in ji shi, "kafin la'asar tankin ya ƙafe. 'Yan mata suka ɗauki tuluna suka koma rafi. Na bi su da wutsiya. Uwarki tana ciki, tana dariya, ba ta san ina ɗauka ba. Da Malam, kakanki, ya sani da ya tsine mini."

Na durƙusa a gabansa na ce ya nuna mini, yanzu, yau. Ya ce majigin da ya zo da shi ƙwansa ya ƙone, kuma wutar ƙasar nan ba irin tasa ba ce. Na ce akwai masu mayar da fim cikin waya. Nan ya murtuke. "Fim ba a kallonsa a tafin hannu. Kuma ba shi da murya, ni ne muryarsa. Sai mun koma gida, mu ɗaura ƙyalle a bangon firamare, in riƙe lasifika in kira sunan kowa, kowa ya ga uwarsa. Ba ke kaɗai ce marainiya ba."

Sai mun koma gida. Shekara da shekaru ina jin wannan magana. Na roƙe shi da lallami, na roƙe shi da kuka, na yi fushi na daina zuwa gidan har sai da ya hau bas da sandarsa ya zo ya buga mini ƙofa da ledar goro a hannu. Na turo Baba Alhaji, na turo liman. Kawu mutum ne mai sauƙin kai a komai, ka karɓi kwat ɗinsa, ka karɓi abincin gabansa, amma a kan gwangwanayen nan ya fi dutse. Ina ƙaunarsa, Allah Ya sani, kuma har yanzu ina jin haushinsa.

Na san abin da ya sa. Ya ga yadda aka yi da sauran. Da bidiyo ya zo, aka haɗe sashensu da gidan talabijin, aka ce za a gina gidan adana finafinan ƙasa. Aka kafa kwamiti, aka yi jawabai a kan al'ada da tarihi, shi da kansa aka sa ya ɗauki aza harsashin ginin. Ginin bai wuce harsashi ba. Iska ta yaye rufin sito, damina ta shiga. Ranar da ya ga 'ya'yan masinja suna jan fim a tsakar gida kamar igiya, matar mai gadi tana shanya kuɓewa a murfin gwangwani, ya shiga ya kwaso nasa. Da Yaya, babban ɗansa, ya ɗauko shi zuwa Amurka, manyan rigunansa ya bari don gwangwanayen su sami wuri a akwati. Tun daga nan bai ƙara yarda wani hannu ya taɓa su ba.

Ya kula da su iya saninsa. Abin da ya gani ya kashe na sito shi ne ruwa da sanyin damina, saboda haka ya bi bakin kowane gwangwani da salatif ya liƙe tam, ya naɗe su da bargo, ya jera a kabad ɗin da ke jikin hita, inda ya fi ko'ina ɗumi. Da wani wari mai tsami ya fara fitowa, kamar an zubar da ruwan khal, Hajiya ta yi abin da kowace macen kirki za ta yi a ɗakin mijinta. Ta sa turaren wuta. Safe da yamma, har ta rufe ƙararrawar hayaƙi da safa don kada ta tara mata jama'a. Duk wanda ya shiga ɗakin Kawu yakan fito yana yabon ƙamshi.

Bayan sadakar bakwai Yaya ya kira ni gefe. Ya ce Hajiya za ta koma wurinsa a Tompkinsville da ke Staten Island, a can za ta ƙarasa takaba, mai gidan haya kuma yana son makullinsa ƙarshen wata. Ya ce, "Gwangwanayen nan ba za su shiga gidana ba. Ƙaramar 'yata tana da asma, kin ji warin da suke yi. Ki san yadda za ki yi da su, ko in sauke su ƙasa ranar shara." Ban ga laifinsa ba, amma na ce masa in ya taɓa su ni da shi har abada. Nawa ɗakin ni da wata mata muke rabawa, gado biyu da labule a tsakiya.

Na fara safa da marwa. Jikar wata tsohuwa da nake kula da ita ta haɗa ni da wata Baturiya da ke aikin adana tsofaffin finafinai a wata jami'a. Matar ta saurare ni da kyau. Da na ambaci warin, fuskarta ta canza. Ta ce fim ɗin ne yake ruɓewa, yana cin kansa, kuma zafi da rufewa su suke ƙara masa gudu. Ta ce sanyi yake so da iska, warin nan kuwa gargaɗi ne, da an kawo su tun da ya fara da an ceci da yawa. Na tuna bargon, na tuna turaren. Ban faɗa wa Hajiya ba, kuma duk wanda ya karanta wannan ya kai mata, ban yafe ba.

Baturiyar ta ce suna da ɗakin sanyi da masu gyara, amma da ta ga tambarin da ke kan murfi a hoton da na nuna mata, sai ta ce kayan gwamnati ne, ba za su karɓa ba sai da izinin mai su.

Na tafi wurin wani babba cikin mutanenmu masu aiki a ofishin gwamnatinmu da ke Manhattan, wanda ya zo gaisuwa da babbar riga ya ce duk abin da muke buƙata mu faɗa. Ya ba ni kujera, ya ba ni shayi. Ya ce ma'aikatar da ke da tambarin nan an daɗe da rushe ta, an raba ta biyu, an sake haɗewa da wata. Bai sani ba ko na yaɗa labarai ne ko na al'adu, ko na jiha ne ko na tarayya. Zai bincika. Na ce, "Ranka ya daɗe, ruɓewa suke yi, yau ɗin nan da muke magana." Ya gyara zama ya ce, "A gaskiya, Malama, in za a bi doka, marigayi bai kamata ya fito da su daga ƙasa ba."

Na ajiye kofin don kada in yi abin da zan yi nadama. Na ce, "Da ya bar su, da yanzu an ci miyar kuɓewar da aka shanya a kansu an manta. Kun ƙi riƙewa, kun ƙi saki. To ku faɗa mini gawar wa za ta sa hannu." Na tashi na fito. A jirgi na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza, wata baƙar mata ta miƙo mini tishu.

Na koma wurin Baturiyar hannu rabbana. Ban san abin da ta gani a fuskata ba. Ta ce ba za ta iya shigar da su ba, amma babu dokar da ta hana ta duba gwangwani ɗaya a kan teburinta lokacin cin abincinta. Na je Highbridge na zazzage bargon. A jikin wani murfi, da rubutun da ya kusa gogewa, an sa buɗe famfo da sunan garinmu. Na rungumo shi a ƙirji har cikin jirgi, mutane suna matsawa daga kusa da ni saboda wari.

Ta sa safar hannu ta yanke salatif ɗin. Da murfin ya ɗaga, sai da muka ja da baya, idanuna suka kawo ruwa. Naɗin ya kumbura ya manne, ya zama curi ɗaya kamar daddawa. Ta taɓa gefe, ya ɓare a hannunta. Ta ce wannan ba zai ƙara bi ta cikin majigi ba har abada. Na ce ta ci gaba. Ta yi ta lallaɓawa da wani ɗan ƙarfe, a hankali, har ta samu wani yanki da bai fi tsawon hannu ba ya saku. Ta shimfiɗa shi a kan gilashi mai haske daga ƙasa, ta miƙo mini madubin ƙara girma.

Kowane hoto bai fi farcen yatsa ba. Na farko duk sun narke. Sannan na ga gangaren rafinmu, na gane shi da itacen da ke bakinsa. Ga 'yan mata uku da tuluna a ka, sun ɗan juyo. Uku.

Na ɗauka da waya ta cikin madubin, na hau jirgin ruwa zuwa Staten Island wurin Hajiya, ko gida ban biya ba. Hajiya ta san mahaifiyata, tare suka yi zaman gida ɗaya. Amma ciwon suga ya cinye mata ido. Ta kai wayar har kan hancinta, ta juya ta, ta matsa bakin taga. Ta ce, "'Yar nan, duhu nake gani da ɗan fari-fari. Duba mai wushirya, uwarki tana da wushirya." Na duba. Biyu bakinsu a rufe. Ta ukun tana dariya, amma ta kare bakinta da hannu. Na aika gida wa gwaggon da ta rage. Da safe ta ce ta tsakiya ce. Da yamma ta kira ta ce a'a, kamar ta gefe, ta ce in yi haƙuri, an daɗe.

Sauran gwangwanayen suna ƙarƙashin gadona yanzu, na cire musu salatif, na bar taga a buɗe cikin sanyin nan. Abokiyar zamana ta ce in zaɓa, ko su ko ita. Babban nan na Manhattan bai kira ba. A cikinsu akwai iyayen mutane da yawa da ba su ma san an ɗauka ba, kuma mai kiran sunayensu ya yi shiru.

Kawu, Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka roƙon da ka yi don mu ci, Ya saka maka da kowane baƙo da ka ara wa kwat. Ya haskaka kabarinka da hasken da babu inuwa a cikinsa. Na yafe maka taurin kai, ko da yake sai na sake yafewa kowace safiya.

Hoton na kai an wanke mini shi babba, ya fito dishi-dishi. Na rasa wadda zan cire, sai na bar su duka. In na idar da salla nakan ɗaga kai in dube su, in ce, "Inna, ina kwana," in jira in ga wacce zuciyata za ta karkata gare ta. Har yau ba ta zaɓa ba. Mata uku nake yi wa addu'a.